Ranar da Dabo Ya Kai Jariri Ƙofar Masallaci

Ku gyara zama, a kashe rediyo, mai tari ya fita waje ya yi abinsa. Yau maganar babban injiniyan Gude da kewaye za a yi, Sarkin Ruwan Kabo da ba a taɓa naɗawa ba, jakadan ƙasar Japan wanda Japan ba ta san da zamansa ba, mai akwatin sifana da keken da ba ya tsayawa sai an sa ƙafa: Dabo mai gyaran famfo. Taubashina ne. Uwarsa, Inna Hauwa, yayar babana ce, saboda haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa, ba kuma alƙalin da zai karɓi ƙararsa.

Ɗan Malam Sajo ne mai haƙar rijiya. Da ya tasa sai ya ce shi ba zai mutu a rami ba, ya tafi Kano ya kama leburanci a wata masaƙa. Bai daɗe ba aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madara suka koma sai an bi layi. Masaƙa ta rufe. Dabo ya dawo Gude da katifa da rediyo da tarin ƙurar auduga a ƙirji.

Ana nan sai wani kamfanin haƙar burtsatse ya sauka a ƙasar Kabo, injiniyansu wani gajeren mutumin Japan, Kimura. Tsofaffi sun so shi, don in zai gaishe ka sai ya rusuna kamar ya ga surukinsa. Dabo ya fara da ɗaukar bututu, ya ƙare yana kwance famfon tuƙa-tuƙa ya ɗaure shi ido rufe. Hirarsu kuwa rabi guntun Turanci, rabi hannu. Wata rana suna shan rake a gindin ɗorawa, Kimura ya nuna masa hoto: tsohuwa a gaban wata jar ƙofa, jariri a ƙirjinta, an lulluɓe su duka biyun da riga mai ado an ɗaure ta baya. Ya ce ɗansa ne da kakar yaron. A garinsu in jariri ya kai kamar wata guda sai a kai shi ɗakin bautar unguwa, a nuna shi ga abin da suke bauta wa, don ya san da shi ya riƙa tsare shi. Kakar wajen uba ke ɗauka, saboda mai jego ba ta gama warwarewa ba. In kuma yaron barci yake, a ƙauyensu har ɗan mintsini ake yi masa ya yi kuka, don a ji zuwansa. Dabo ya yi dariya har ya ƙware da ruwan rake.

Kamfani ya tashi, Kimura ya koma gida. Ya bar wa Dabo sifanu da wannan rusunawa, wadda ta zauna masa a ƙugu.

Dabo ya auri Zubaidatu, 'yar Unguwar Tudu. Suka haifi uku, ba wanda ya kai yaye. Kalmar wabi ta fara yawo a bakin mata, a hankali, yadda ake faɗinta in mai ita ta juya baya. Zubaidatu ta daina zuwa sunan kowa. Sai a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ta haifi na huɗu, namiji, aka raɗa masa Zubair.

Inna Hauwa tana da maganinta tun na kakanni. A ɗauki jaririn a kai shi juji a ajiye, a juya baya kamar ba a so, wata tsohuwa ta tsinto shi ta kawo, a riƙa kiransa Ajuji. Wai abin da ke ɗauke 'ya'yan sai ya ga ba a damu da wannan ba, ya wuce. To amma shekarar ba ta juji ba ce. Kowace yamma lasifika na sauke wa camfi ruwan duwatsu, samari sun ɗage wando sun tsayar da gemu, shi kansa Dabo ya hau bayan akori-kura ya je Kano ranar ƙaddamarwa, ya yi kabbara har muryarsa ta dishe. Da wane ido zai kalli mutane a ce an ga uwarsa ta kwantar da ɗansa a kan toka da kashin awaki?

Ya hana ta ranar suna. Amma tsoron da ke cinta shi ma yana cinsa. Yakan kwance famfo a ƙauyen Masanawa, mata na tsaye da bokitai, ya bar kayan a baje ya taka keke har gida, don kawai ya sa yatsa a hancin yaron ya ji iska.

Da arba'in ta matso Inna ta tare shi a zaure.

“Ka hana ni ran suna, na ƙyale ka. Uku na wanke da hannun nan, Dabo. Ba zan wanke na huɗu ba.”

“Inna, camfi ne fa.”

“Camfin ne ya raya ƙanen ubanka har ya yi furfura. To na ji, nawa camfi ne. Kawo naka.”

Ba shi da nasa. Ya tsaya yana murza hula. Nan hoton nan ya faɗo masa, bai kuma zo masa da dariya ba wannan karon. Ya yi lissafi irin na mai gyara: in famfon wani ya yi aiki, sai ka ɗauko dabarar ka sa a naka. Su can suna kai nasu inda suke kaiwa, mu kuwa ga ɗakin Allah na gaskiya a tsakiyar gari. Ina laifi? Maimakon a ɓoye yaro a shara, a yi masa ado a kai shi a nuna.

Ya zayyana wa Inna yadda ake yi. Ta ce wa ya gaya masa. Ya ce wani mai ilimi ne.

“Wane malamin?”

“Ba ɗan nan ba ne, Inna. Daga nesa yake.”

Ba ƙarya ya yi ba, amma ya san inda ya tsaya.

Ranar Juma'a ya buɗe adaka ya ciro rigar saƙin marigayi babansa, tana warin kafur. Inna ta rungumi Zubair, shi kuma ya yafa musu rigar ta gaba ya ƙulle ta a bayanta.

“Rigar maza, Dabo?”

“Haka ake yi.”

Zubaidatu ta rako su bakin zaure ta tsaya, idonta na kan ƙullin da ke motsi a ƙarƙashin rigar.

Sun isa an idar da salla, jama'a na ɓarkowa, masu rake da masu turare sun baje. Inna ta toge a bakin ƙofar harabar ta ce nan ne iyakarta. Mutane suka fara rage tafiya. Tsohuwa cikin babbar riga ba abin da ake gani kullum ba ne. Liman Malam Datti ya fito, a gefensa Jibirin, shugaban samarin da ke wa'azin yamma. Dabo ya rusuna, ya zarce har hularsa ta nemi faɗuwa, ya ce addu'a ya kawo a yi wa yaro.

“Madalla,” in ji Liman. “A samo mini dabino.”

Da a nan abin ya tsaya, da ban sami abin rubutawa ba. Amma Zubair barci yake, barcin ƙoshi, ko gezau. Dabo ya dube shi. Ya tuna sauran ukun ma haka suka yi shiru. Hannunsa ya shige ƙarƙashin rigar kafin hankalinsa ya iso.

Yaro ya tsandara ihu. Inna ta zabura ta yaye rigar tana kakkaɓewa.

“Kunama! Wayyo, kunama a rigar!”

“Ba kunama ba ce, Inna,” in ji Jibirin. “Ubansa ne ya mintsine shi. Da idona na gani.”

Ga shatin farce ja a cinyar yaro. Liman ya dubi Dabo.

“Me ya yi maka?”

“Don a ji shi ne, Allah gafarta Malam.”

“Wa zai ji shi?”

Dabo ya dubi ƙasa. Ƙasa ba ta tsage ba.

“A san dai da zuwansa.”

“A wane littafi ka gani?”

Da a bakin famfo ne da ya lauya zance. A ƙofar masallaci, ran Juma'a, harshensa ya ƙi.

“Ba littafi ba ne. Kimura ne ya gaya mini.”

Wani dattijo a baya ya ce, “Gajeren nan na burtsatse?” Dariya ta fara tashi, Jibirin ya katse ta.

“Wanda ko alwala bai iya ba? Su ina suke kai nasu 'ya'yan?”

“Ɗakin bautarsu.”

Salati ya tashi ta ko'ina. Wani ya ce a wannan shekarar, a garin nan. Wani ya ce ai dama rusunawar nan tasa ba ta banza ba ce. Dabo bai ji sauran ba, don ya ɗago ido ya haɗu da na uwarsa. Ba ta yi salati ba. Kallonsa kawai take, bakinta a ɗan buɗe.

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru.

“Kawo yaro a yi masa addu'a ba laifi ba ne, magabata sun yi. Amma Dabo, Wanda ya san yaron nan tun yana gudan jini, sai ka mintsine shi zai san ya zo?” Ya tausasa dabino ya shafa a dasashin Zubair, kuka ya tsaya, ya yi addu'a doguwa aka shafa. Sannan ya rage murya, amma ba yadda na kusa ba za su ji ba. “Hauwa, sauke rigar nan. Ta Malam Sajo ce, na gane ta. A sahun gaba yake sa ta.”

Dabo ne ya kwance ƙullin. Ya ninke rigar ya saƙale a hammata. Suka juyo, ita a gaba da yaro, shi a baya. Sai da suka wuce kasuwar Juma'a, suka wuce makarantar firamare, sannan ta yi magana, ba ta ko waiwayo ba.

“Da ka bar ni da jujina, ko kaza ba za ta sani ba.”

Washegari ya same ta ya ce in tana so ta kai shi jujin, shi ba zai gani ba. Ta girgiza kai. Ta ce yaron da aka yi wa ado aka nuna wa gari guda, wa kuma za a ruɗa da cewa ba a son sa? Ya rushe nata, nasa kuma ya zama abin dariya. In wani abu ya sami yaron, ta ce, ya san a wuyan wa yake.

Da wannan Dabo ya rayu. Juma'a ya koma yin ta a Gwarzo, ya taka keke ya je ya dawo, har damina ta zagayo. Ya daina rusunawa, ya koma gaisuwa a sandare kamar soja. In famfo ya ƙi kawo ruwa, mata su ce, “Malam Dabo, ko za ka ɗan mintsine shi?” Shi dai sai ya ci gaba da aikinsa. Duk zazzaɓin da ya taɓa Zubair, shi ke fara ramewa. Haƙori ya fito, aka yi ƙyanda aka tashi, aka yaye. Ranar da yaron ya ɗauki allo ya bi sa'o'insa, Inna Hauwa ta aika wa Dabo fura a ƙwaryarta ta baƙi, ba saƙo, ba komai.

Makon jiya na same shi a Masanawa ya zube kayan cikin wani famfo a kan buhu. Na ce Yaya Dabo, na sa ka a tarihi, na karanta masa kirarin nan na sama da muryar mai labarun rediyo. Na ce saura abu ɗaya masu karatu ke jira: tsakanin addu'ar Liman, da dabarar Japan, da jujin da ba a je ba, wanne ya raya Zubair?

Bai ɗago ba.

“Allah ne ya raya shi, Mahbub. Matsa, ka tare mini haske.”