Tsagar Agana a Damtsen 'Yata

Mu huɗu ne muke zama a gindin tsamiya, bayan marina, duk ranar kasuwar Gaya. Akwai wani tsoho masanin taurari daga Ajingi, da wanzamin Kademi, da Alhaji na Toranke, sai ni da nake zuwa daga Balan a kan jakina. Abin da ya haɗa mu tambaya ce guda, wadda muke juyawa kamar waina: shin binciken yadda Allah ya tsara halittarsa yana rage imani, ko ƙara shi yake yi? Masu wucewa suna ce mana marasa aikin yi. Ni kuwa a lokacin bakina ya fi na kowa kaifi, ba a kawo magana in bar ta ta faɗi ƙasa.

Alhaji ya daɗe a Masar a hanyarsa ta dawowa daga Makka, inda ya yi wa wani likita Banasare hidima. Ya ce mutumin ba ya taɓa majinyaci sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'a irin tasu, kuma a ganinsa wanda ya halicci cuta shi ya ajiye maganinta, neman maganin ma bauta ce. Saboda wannan labari mutanen Toranke suka riƙa yi wa Alhaji kallon wanda ya sha ruwan da bai kamata ba. Ni na tsaya masa. Na ce ai mu ma haka muka karanta, kuma gaskiya ba ta lalacewa don ta fito daga bakin baƙo.

A wurinsa na fara jin zancen tsagar agana. Wai a sami yaron da cutar ta yi wa sauƙi, a lakato ruwan ƙurjinsa, a tsaga damtsen lafiyayye a shafa. Zai kwanta, amma yawanci yakan tashi, kuma cutar ba ta sake kama shi. Wanzami ya ce ya taɓa ganin Fulanin daji suna yi. Tsohon Ajingi ya girgiza kai, ya ce wannan kiran ajali ne da hannunka. Na yi masa dariya, na ce rigakafi ya fi magani, har na buga ƙasa da sanda na ce in da ɗana ne, ni zan fara miƙa hannunsa.

Ashe baki shi ke yanka wuya. Da rani ya tsaya, agana ta shigo ta wajen Ajingi. A shekarun nan mun saba da tsoron mahara daga Ningi, amma su akwai ganuwa, akwai gudu. Wannan kuwa ba a jin kofatonta. Ko sunanta mutane ba sa kira, sai su ce 'yan rani sun sauka a gidan wane. Aka daina surfe tare, aka daina zuwa suna. Kukan mutuwa ya riƙa matsowa gida gida, har na fara gane muryoyin masu yin sa.

'Ya ɗaya Allah ya bar mana, ba ta daɗe da fara famfara ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiranta. Kowace safiya sai in duba goshinta da bayan kunnenta, in yi kamar wasa nake mata.

Ranar kasuwa, Alhaji bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Malam, akwai yaro a Kademi da ta yi wa sauƙi, ƙurajensa sun nuna. In za a yi, yanzu ne." Duka ukun suka zuba mini ido. Na nemi hujjojin nan da na saba zubowa, na rasa ko ɗaya. Abin da kawai nake gani shi ne ɗan siririn damtsen nan na Uwata.

Da na gaya wa mai ɗakina, tana tankaɗe ne. Ta ajiye rariya ta dube ni. Ta ce, "Malam, yarinya lafiyarta ƙalau za ka sa mata cuta da hannunka?"

Na ce, "In muka bari ta zo da kanta, kin ga yadda take yi."

Ta ce, "In ta zo da kanta, na san Allah ne ya aiko, zan yi haƙuri. In kai ka ɗauko ta, wa zan ce ya ɗauke mini 'ya?"

Washegari aka fitar da yara biyu daga gidan da muke haɗa danga da su. Da na dawo daga maƙabarta, na tarar mai ɗakina ta yi wa yarinyar wanka, ta ɗaura mata zane, ta zaunar da ita a zaure. Ita kuma ta shige ɗaki ta saki asabari.

Wanzami ya zo da hantsi, da ruwan ƙurjin a jikin ɗan tsinke da ya naɗe a ganye. Ni na riƙe yarinyar. Ta ce, "Baba, ƙaho za a yi mini?" Na ce a'a, 'yar tsaga ce kawai. Ya yi bisimilla ya ja aska, jini ya ɗan tsatso, ya shafa. Ba ta ma yi kuka sosai ba. Ni ne na matse hannunta tsam, har wanzami ya ce, "Malam, sassauta, za ka karya ta."

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyina. Da fari ba abin da ya faru, tana ta wasanta, ni kuwa ina bin ta da ido kamar ɓarawo. Sai wurin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, jikinta ya yi zafi kamar tanda. Ta daina gane mu. Ƙuraje suka feso a hannunta, suka haura wuya. Kullum ina kallon fuskarta ina jiran su cika ta, don na ga yadda suke haɗewa a jikin wanda ba zai tashi ba. Mai ɗakina tana jiƙa tsumma tana goga mata, ba ta yi mini magana, ba ta ko kallona. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in rasa ta inda zan fara, tunda hannun nan ne ya riƙe ta aka tsaga.

Wata rana da la'asar Uwata ta buɗe ido ta ce tana son fura. Uwarta ta fashe da kuka, ta dama, ta ba ta, sannan ta turo mini ragowar.

Da na koma gindin tsamiya, tsohon Ajingi ya ce kwananta ne ke gaba, wanzami ya ce aska ce ta yi aiki, Alhaji ya ce ai duk ɗaya ne. Suka juyo su ji ta bakina, na ce su bar ni. Domin cikin yaran da wanzami ya tsaga a Kademi akwai wanda bai tashi ba, kuma na san ubansa.

Yanzu duka ukun sun riga mu gidan gaskiya. Uwata ta yi aure a Kademi, tabon yana nan a damtsenta. A ranin da ya wuce 'yan rani suka sake sauka, sai ga ta da sassafe da ɗanta na fari a baya, ɗan wanzamin nan, wanda ya gaji sana'ar ubansa, yana biye da ita da zabirarsa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kwance goyon, ta ɗora mini shi a cinya.

Ta ce, "Baba, ni ba zan iya ba. Kai ka saba, riƙe shi."

Na kama ɗan hannun. Na matse shi tsam tun kafin a zaro askar.