Baƙar kazar da ta bar mini

Shekara huɗu ɗiyar ƙanwata tana hannuna a Batsari, tun da tashin hankali ya kore su daga ƙauye. Da ubanta ya samu gona a Safana, ya zo da babur ya ɗauke ta. Ban yi kuka ba, ai ɗiyarsa ce. Sai dai ta bar mini kazar da na saya mata ta fara kiwo, wata baƙa marar kunya mai shiga har ɗaki ta ci mini gero. Kullum cikin zaginta nake. Da Sallah maigida ya ce a yanka ta in huta. Na ce ya sayo wata a kasuwa. In aka yanka wannan, wa zan riƙa yi wa faɗa a gidan nan?