Rabin Ajamina Ya Maƙale a Kanel

Jama'a, yau saura ƙiris a soke mini aikin kammala karatu!

Na kai wa malaminmu direban da na rubuta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon buga Ajami. Na buga layi guda don kanel, wato zuciyar manhajar kwamfuta, ta kwafo shi zuwa ma'ajiyar mai amfani da kwamfutar. Rabi kaɗai ya fito!

Malam ya ce, "Sani, ko ka koma haruffan boko, ko ka maimaita shekara."

Na ce, "Allah gafarta Malam, da Ajami na fara karatu, da shi zan gama."

Na duba a natse. Ashe haruffa na ƙirga, alhali kanel da ma'aunin bayit take kwafa, kuma kowane harafin Ajami bayit biyu yake ci! Na gyara adadin. Alhamdulillahi, layin ya fito cif.

Malam ya gyara tabarau: "To, karanta mini. Ni ban iya ba."