Jirgin da Ka Hana Tashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma wajensa kowa zai koma. Ranar Laraba, goma sha tara ga watan Fabrairu, da la'asar, Allah ya karɓi ran mahaifina a cikin mota, a kan hanyar zuwa babban asibiti. Umma na riƙe da kansa, Yaya na tuƙi. Ni ina gida ina yi wa Auta wanka sa'ad da labarin ya zo. Matar maƙwabcinmu ce ta shigo da waya a hannunta, ta tsaya a bakin banɗaki. Sai da na ɗauraye Auta, na goge ta, na sa mata riga, sannan na yarda na ɗaga kai na kalli fuskar matar.

Baba, mutane da yawa sun zo gaisuwa, kowa ya faɗi abin da ya sani a kanka. Ni ban iya buɗe baki ba, ka san halina. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Aikinka duba jirage ne. Hukumar da ke kula da lafiyar jiragen sama ce ta ajiye ka a ƙaramin filin jirgin garinmu, kuma jirgi ba ya ɗaukar fasinja sai ka gamsu da shi. A makaranta in na ce babana a filin jirgi yake aiki, sai yara su ce matuƙi ne, ni kuma in yi shiru in bar su a haka. Ranar da na gaya maka, ka yi dariya har da tari, ka ce, "Ki ce musu shi ne mai hana matuƙin tashi."

A hutun da na gama firamare ka tafi da ni rumfar gyaran jirage. Ma'aikata suna ta gaishe ni, ni kuwa na ɓuya a bayanka na riƙe gefen rigarka. Kawu Dogo, mataimakinka, ya leƙo ya ce, "Oga, wannan 'yar taka da batir take aiki? Ko ya mutu ne a kawo sabo?" Ka ce, "Lafiyarta ƙalau, ƙararrawa ce ba a sa mata ba. Kai da aka sa maka biyu, me ka tsinana?" Kowa ya yi dariya, kuma ba ka tilasta mini na fito ba. Ba ka taɓa tilasta mini magana a gaban mutane ba, ko sau ɗaya.

Ranar ce ka sa aka ɗaga murfin injin ka nuna mini abin da ka fi damuwa da shi a duk jikin jirgi. Akwai wata siririyar waya da ta zagaye injin, ita ke jin zafi, in wuta ta kama sai ta kaɗa ƙararrawa a ɗakin matuƙi. Akwai tukunyar ƙarfe mai kama da ƙwallo, cike da sinadarin kashe wuta. Sai kuma wani jan mariƙi kusa da matuƙi. In ya ja shi, mai ya daina shiga injin. In ya murɗa shi, tukunyar ta fesa abin da ke cikinta. Ka ce, "A mota in wuta ta tashi, sai a faka a gudu. A sama ina za a faka?" Na tambaye ka a hankali ko ka taɓa ganin an ja shi da gaske. Ka ce duk shekarun da ka yi kana aiki ba ka taɓa gani ba, kuma ba ka fatan gani.

A gida ma haka kake. Duk sa'ad da aka sauya tukunyar gas sai ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa wa tiyon, ka tsuguna kana jiran ko kumfa za ta taso. Umma takan tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, an ba mu izinin ɗora girki, ko sai takarda ta fito?" Matan layinmu suka sa maka suna Malam Kashe-wuta, suna dariya, amma duk wadda ta ji wari a kicin ɗinta ƙofarmu take bugawa. Kakan tafi da sabulunka da filaya, ka sauya tiyo, ka dawo ba ka karɓi ko sannu mai tsawo ba.

Ƙarar injin ta cinye maka kunnen hagu tun kafin a haife ni. Ni kuma muryata ba ta fita. A gidanmu in na fara magana, kafin in kai tsakiya wani ya ƙarasa mini ita. Kai kaɗai kake ajiye abin da ke hannunka, ka sunkuyo, ka juyo mini kunnen dama, ka ce, "Ina jin ki, Malama Shiru." Sai ka jira har in gama.

Na san ba kowa ke son ka ba. Akwai ranar da ka hana jirgi tashi saboda ɗaya daga tukwanen kashe wutar nan ta rage ƙarfi. Wata tsohuwa da za ta je ganin jikarta da aka haifa ta zage ka tas a gaban jama'a. Kawu Dogo ne ya ba mu labari, ya ce da ta gama, kai ka ɗaukar mata jaka har bakin tasi, tana tafe tana ƙara zagin, kana cewa, "Ki yi haƙuri, Mama." Da ka dawo gida ba ka ce mana komai ba, sai dai ba ka ci abinci sosai ba.

Ciwon zuciyarka ya tashi a farkon shekara. Likitan asibitin garinmu ya ce aikin da kake buƙata ba su da kayansa, sai babban asibiti, can birni mai nisa. Ya ce a kai ka ta sama, hanyar mota ta yi tsawo kuma ta lalace, jikinka ba zai ɗauka ba. Yaya ya je ya sayo tikiti. Jirgi ɗaya tak ke zuwa garinmu.

Tun kafin ka kwanta, hukuma ta aiko da umarni a kan irin wannan jirgin. An gano cewa jan mariƙin nan yakan ƙage idan ya ɗauki zafi, matuƙi ya ja ya ƙi jawuwa. Aka ba kamfanoni wa'adi su gwada kowane jirgi da wata na'ura ta musamman, wanda wa'adin ya wuce ba a gwada shi ba, ba zai ɗauki mutane ba. Kamfanin da ke zuwa garinmu ya yi ta ja da baya, yau na'ura na hanya, gobe tana hanya. Wa'adin ya cika ana gobe za ku tafi, jirgin na fake a filinmu.

Ina ɗakin asibitin ina ɓare maka lemo Kawu Dogo ya shigo. Shi ke riƙe da kujerarka tun da ka kwanta. Ya gaishe ku kai da Umma, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Oga, zan rubuta a ƙara musu kwana biyu. Doka ta ba da dama, in jami'in da ke wurin bai ga haɗari ba."

Ka ce, "Ka gwada mariƙin?"

"Na ja shi da hannuna, lafiya lau."

"Injin na sanyi ka ja. Da zafi fa?"

Ya ci gaba da murza hular.

Ka ce, "Dogo, tsakaninka da Allah, da lafiyata ƙalau ina zaune a ofis, za ka kawo mini wannan maganar?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Umma ta taso daga kan tabarma ta ce, "Baban Auta, don girman Allah. Shekara nawa jirgin nan yana zuwa yana komawa, wuta ba ta taɓa tashi ba. Sai ranar taka?"

Ka ce, "Ni kaɗai zan shiga? Akwai matar wani a ciki, akwai 'ya'yan wani."

Ta ce, "Mu fa? Mu ba matar wani da 'ya'yan wani ba ne?"

Sai ka juya kanka a kan filo, ka danne kunnen dama, ka bar mata na hagu. Ban taɓa ganin ka yi wa kowa haka ba. Umma ta ci gaba da magana tana kuka, ta san ba ka jin ta, ba ta daina ba. Da Kawu Dogo zai fita ka ɗago ka ce masa in ya sa hannu, to jirgin ya tashi ba da kai ba. Don haka bai sa ba.

Muka zauna jiran na'ura. Kullum Yaya sai ya je filin jirgi ya dawo, kullum a ce masa gobe. Numfashinka ya yi ta gajarta, ƙafafunka suka kumbura, har likitan da ya hana hanyar mota ya ce a gwada ta, jira ya fi ta haɗari. Da safe aka shimfiɗa maka katifa a bayan motar Baffa. Kafin a rufe ƙofa ka yafuto ni ka ce, "Malama Shiru, ki riƙa duba tiyon gas, Ummanku mantuwa gare ta." Na ce to. Ka sunkuyo da kunnenka kana jiran saura. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban sake ganin ka ba sai a lulluɓe.

Na'urar ta iso bayan an binne ka. Da aka gama gwajin, Kawu Dogo ya zo gida da kansa, ya ce ya ga bai dace mu ji a bakin wani ba. Ya zauna a ƙasa a falo duk da akwai kujera. Umma ta tambaye shi, "Me kuka samu?"

Ya ce, "Ba mu samu komai ba. Da zafi, da sanyi, mariƙin na jawuwa."

"Komai?"

"Komai."

Ta ce, "To, sannunku da aiki." Ta tashi ta shiga ɗaki ta tura ƙofa.

Ni na raka shi bakin ƙofar gida. Ban san inda muryar ta fito ba, na ce, "Kawu, da ya shiga, da ya kai?" Ya ce, "Da ya kai. Abin da likitoci za su iya bayan nan, Allah ne masani." Ya juya ya dafa bango. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka kamar yaro ba sai ranar.

Baba, masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma in sun fita sai maganar ta rabu biyu. Abokan aikinka suna cewa irinka ba su da yawa. Baffa yana cewa taurin kai ne, ka bar marayu saboda ƙarfen da lafiyarsa ƙalau. Ina sauraron kowa, na kasa tsayawa a ko ɗaya. Da an samu mariƙin a ƙage, da ina da abin da zan gaya wa Auta in ta girma, in ce mata babanmu ya tsare rayukan mutane cikin jirgi guda. Yanzu me zan ce mata? Na san za ka ce ba ka sani ba a lokacin, kuma wanda bai sani ba ba ya sa hannu. Na maimaita wa kaina wannan sau da yawa. Gaskiya ce, amma ba ta rage komai.

Kamfanin da ya ja lokaci har wa'adi ya cika ya ci gaba da harkarsa, ban ji an tambayi kowa komai ba. Yaya, da zai fara koyon gyaran jirage a bana, ya ce ko tallan ruwa zai yi, amma ba zai sake taka filin nan ba. Umma ba ta ambaton sunan aikinka. Tana yi maka addu'a a kowace salla, tana kuma fushi da kai, duka biyun a lokaci ɗaya, ban san yaushe ɗayan zai bar ta ba. Ni kuma na koma yadda nake, in fara magana a ƙarasa mini.

Ya Allah ka jiƙan Baba, ka gafarta masa, ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi. Ka karɓi aikinsa da niyyar da ya yi shi, kai ka san abin da ke zuciyarsa ranar da ya juya kansa a kan filo, mu ba mu sani ba. Idan ya yi kuskure ka yafe masa, idan ya yi daidai ka ba shi ladan da ba mu iya ba shi ba. Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, Allah ya sanyaya mata zuciya. Ga Yaya, wanda ya ci gaba da tuƙi har ya ga asibitin farko a gefen hanya, alhali ya san an riga an gama. Ga Auta, da har yanzu take tambaya yaushe motar za ta dawo. Ga Baffa da sauran dangi, da matan layinmu. Ga Kawu Dogo kuma, Allah ya sauke masa abin da yake ɗauke da shi, ba laifinsa ba ne.

Jirgin ya tashi washegarin gwajin, an ce a cike yake. Yaya ya ce kujerar gefen taga ya zaɓar maka, a gaba, don kada ka sha tafiya wajen sauka. Ban san wanda ya zauna a kanta ba, shi ma bai san ka ba. An ce sun sauka lafiya.