Sunan da na ɗauka nawa ne

Sai da na kai shekara tara ina rantsuwa cewa sunana na biyu Egizhi. Har a bangon littafina na makaranta na rubuta shi da manyan baƙaƙe, Sanusi Egizhi, na ja masa layi biyu.

Laifin kakata ne. Banufiya ce, kakanmu ya auro ta daga ƙasar Bida lokacin da yake kai albasa can, ya kawo ta Danchadi. Nnako muke ce mata, haka Nupawa ke kiran kaka. Duk ranar da ta soya ƙuli-ƙuli, bayan magariba sai ta zauna bakin murhu da kwano a cinya, ta ɗaga murya: "Egizhi!" Ni kuwa gudu gare ni, ko akuyar da aka kora daga garka ba ta kamo ni. Kullum ni ke fara isa, kullum ni take miƙa wa kwanon. To, wa take kira in ba ni ba? Sai in raba wa sauran jikoki shida kamar mai sadaka, ɗaya-ɗaya, in rungume saura.

Ran nan Asma'u, ɗiyar baffana da ta shiga sakandare a Bodinga, ta riƙe bakin kwanon.

"Sake shi," na ce. "Ni tak kira."

"Mu duka tak kira, ɓarawo."

"Ke Egizhi sunanki?"

Muka ja, muka ja, har ƙuli-ƙuli ya fara tashi sama. Nnako ta buga muciya a ƙasa.

"Kai maigida, zauna. Tatsuniya ta iso, wanda bai zauna ba ta wuce shi."

Ta ce wai a bakin wani babban kogi an yi wata tsohuwa mai kaza ɗaya tak. Wata rana ta tsinci wani ɗan halitta kamar wutsiyar ɓera, sunansa Zhi. Aikinsa ɗaya ne: duk abin da aka ambata, sai ya yi tsalle ya tsaya bayansa, abin ya yawaita. Tsohuwa ta ce "bishe", wato kaza. Zhi ya yi tsalle, sai ga bishezhi cike da tsakar gida. Ta ce "nangi", akuya, sai ga nangizhi. Nnako tana faɗa muna amsawa "zhi!" da ƙarfi, miyau na fesa wuta, domin bakin Basakkwace bai saba da wannan sauti ba.

Sai maƙwabcinta mai haɗama ya sace Zhi, ya jefa a aljihu, yana tafe yana lissafin shanu. Bai kai gida ba ya taka wani abu mai sanyi. Ya kurma ihu: "Ewa!" Maciji ke nan. Zhi ya yi tsalle.

"Ewazhi!" muka yi kururuwa. Ƙanena Bello ya ɗage ƙafafunsa daga tabarma.

"Ashe kamar s ne na Turanci," in ji Asma'u. "Goat, goats."

Nnako ta ce, "Su ma suna da nasu? To, yaro fa?"

"Child."

"Yara?"

"Children."

"Ina s ɗin ya tafi?"

Asma'u ta sosa kai. Aka zo kan tunkiya, sheep, tumaki ma sheep. Nnako ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Nasu malalaci ne. Wani wuri ya zo, wani wuri ya aiko ƙanensa, wani wuri ya yi kwanciyarsa. Namu ba ya fashin aiki. Ku Hausawa kuwa kada ma ku yi magana, akuya ɗaya ta zama awaki."

Ina cikin dariya ta juyo gare ni. "Maigida, egi shi ne yaro ɗaya. To, egizhi fa?"

Na dubi Bello, na dubi Asma'u, na ƙirga kawuna. Wallahi na ji kamar an zare mini wando a tsakiyar kasuwar Shagari.

"To ki riƙa kirana Egi ni kaɗai," na ce.

"In na ce egi, shida za su kwana da kuka. Bakina ɗaya, ku bakwai."

Yanzu da nake aji biyar na sakandare, duk lokacin da malamin Turanci ya jero mana tilo da jam'i, man da men, mouse da mice, nakan tuna da ita. Ta yi shekaru fiye da arba'in a garin da ba mai amsa mata da harshenta, ɗan abin da ta samu ta ajiye a bakinmu kuwa kalma ce da ba ta barin kowa a waje. Ni ne na so in mayar da ita tawa.

A daren nan Asma'u ce ta yi rabo, na samu uku, ɗaya ma gutsure ne. Washegari ta kai labarin ga ƙawayenta, su kuma suka kai wa ƙannensu 'yan ajinmu. Har yau a Danchadi ba mai ce mini Sanusi. Jam'i suke kirana.