Malam Ɗahiru Mai Turare Ya Naɗe Tabarma

Duk wanda ya saba bin layin bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda da sassafe ya san ƙarar ɗan turmin Malam Ɗahiru. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a zaure ya daka kanumfari da kajiji, ya kankare itacen hawi da sandal, ya zuba su cikin mai a kan garwashi. In haɗin ya huce sai ya ɗiga kaɗan a murfin kwalba ya shiga da shi cikin gida, ya jima, sannan ya fito. Maƙwabta na tsokanarsa wai da furfurarsa bai daina kai wa matarsa Hindu toshi ba. Murmushi kawai yake yi. Ran Alhamis ya hau motar Shinkafi da akwatinsa na katako, sauran ranaku ko ya leƙa Zurmi da Moriki, ko ya shimfiɗa tabarma a bakin kasuwar Ƙaura.

Turarukansa da yawa, amma wanda ya yi masa suna shi ne wanda ya raɗa wa Dattijo. Turare ne na maza, mai ɗumi. Da an shafa, yajin kanumfari ne ke fara dukan hanci har mutum ya ɗan ja baya. Sai an jima yajin ya kwanta, ƙamshin itace ya taso a hankali ya zauna cikin riga har ranar wanki. Kuma ba a saye a wuce. Zai ɗiga maka a bayan hannu ya ce, "Tahi ka zagayo kasuwa, in ka dawo mu yi magana." Masu gaggawa ba sa dawowa, shi kuwa ko a jikinsa.

Malam Muhtari, malamin firamare a Zurmi, ya nemi Dattijo tun yana saurayi mai saurin hannu a kan ɗalibai. Ya zagayo kasuwar ya dawo, Malam Ɗahiru ya dube shi ya girgiza kai.

"Ɗana, wanga ba naka na ba tukuna," in ji shi. "Shina son mutumin da in an ɓata mai rai zai yi shiru har zahin ya wuce. Kai ko duk yaji na, in na ƙara ma wani sai ka ƙone mutane."

Muhtari ya tafi yana huci. Sai bayan shekaru, da ya ajiye bulala ya zama wanda ake kira sulhun unguwa, tsohon ya tare shi a kasuwa ya saka masa kwalba a aljihu ba tare da ya tambaya ba. Har yau in Muhtari yana ba da labarin nan sai muryarsa ta canza.

Da aka kafa Zamfara, aka zo aka ƙaddamar da Shari'a, mutane da yawa suka guji turaren fesawa don ana cewa da barasa a ciki. Kowa ya koma na mai. Masu turare suka tsiro ko'ina, wasu na tsinka nasu da man girki su sa masa sunan Larabci. Malam Ɗahiru, kai ne ka ƙi ƙara ko kwalba ɗaya a kan abin da ka saba haɗawa, alhali layi ake yi a tabarmarka. Kai ne kuma wanda in an yi rasuwa a gidan da ba su da hali, sai dai a ga turaren likkafani ya iso, a nemi wanda ya kawo a rasa.

Abin da ba mu sani ba shi ne, tun shekarar da aka ba mu jiha wani zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi babu hanci. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Hannunsa bai manta awo ba, amma kanumfarin bana ba ƙarfinsa ɗaya da na bara ba, hanci ne ke raba gardama. Wancan murfin kwalba da muke yi wa dariya, wurin Hindu yake kai shi ta shinshina. Ita ke cewa a ƙara hawi, ko a rage wuta, ko a zubar a sake. Ya yi rantsuwa tun yana yaro ba zai sayar da abin da ba a tabbatar masa ba, Hindu ce ta riƙe masa rantsuwar nan.

Da daminar da ta wuce Allah ya karɓi Hindu.

Bayan sadakar arba'in ya haɗa Dattijo shi kaɗai, ya aika aka kira Malam Muhtari. Ya ɗiga masa, ya ce ya zagayo kasuwa. Muhtari ya dawo ya tsuguna, ya kasa ɗaga kai.

"Hwaɗa min gaskiya, don Allah," in ji tsohon.

"Baba, yajin bai kwanta ba. Itacen bai hito ba."

Malam Ɗahiru ya ajiye kwalbar. Sannan ya gaya masa komai, ya ce, "Ni hannu na kawai. Hancin ya tahi." A ranar ya zubar da haɗin a bayan gida. An ba shi baki, an ce sunansa kaɗai ya isa, wa zai gane? Ya ce shi ya sani. Tun daga nan motar Shinkafi take tashi babu shi.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Mun gode, Malam Ɗahiru, mai turare mai amana. Allah ya saka maka, ya jiƙan Hindu da ta yi wa mazan ƙasar nan aiki ba wanda ya san ya ce mata sannu. Ku kuma matasan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, a cikinku dole akwai mai hanci da haƙuri. Hannun yana nan da ransa a zaure, yana jiran wanda zai zauna kusa da shi ya koya, ya koyi kuma barin abin da babu tabbas a kansa.

Kwalba ɗaya ta rage masa daga haɗin ƙarshe da Hindu ta amince da shi. Ba ta sayarwa ba ce. In ka je gaishe shi zai buɗe ta, ya miƙo maka, ya zuba wa fuskarka ido ya ce, "Shina nan yadda tab bar shi?"

Kada ka yi saurin amsawa. Ka jira yajin ya kwanta, sannan ka gaya masa gaskiya.