Ƙanzon da Yaya Ta Zubar

A gidanmu na Roni ba a yar da ƙanzo. Da an kwashe tuwo, Inna takan kankare gindin tukunya, ta shanya a faifai, ta tara a buhu.

Wata rana yayata, da ta zo hutu daga makarantar kwana, ta jiƙa tukunyar ta wanke tas, ta sheƙar da ruwan a kwata. Na tsaya baki buɗe ina jiran duka ya tashi.

Inna ko zagi ba ta yi ba. Tsugunawa ta yi a bakin kwatar, tana tsince gutsattsarin tare da kaji. Ba ta ɗago ba ta ce, "Shekarar fari, wannan ne ya raya ki."